Kada a yi wa SSD marar DRAM kuɗin goro

Duk wanda ya taɓa kai laftof ɗinsa wurin mai gyara don a cire mata tsohon faifai mai juyawa a sa mata SSD, da wuya bai ji wannan gargaɗi ba: "Alhaji, kada ka kuskura ka sayi marar DRAM, asarar kuɗi ce." Masu faɗin haka sun san aikinsu. Na'urori da yawa sun yi nauyi a gabansu, kuma nasiha suke yi tsakani da Allah. Ina girmama su. Sai dai a ganina hukuncin ya yi faɗi, kuma an yanke shi ne a wani zamani da ya fara wucewa.

Mu soma da aikin da DRAM, wato ɗan guntun RAM da ake sa wa wasu SSD, yake yi a cikinsu, don a nan aka samu saɓanin fahimta. Babban aikinsa riƙe littafin adireshi ne. Ma'ajiyar filash irin ta NAND, wadda Fujio Masuoka da abokan aikinsa na kamfanin Toshiba suka gabatar a 1987, tana da wani hali: ba a rubutu a kan rubutu. Rubutawa shafi-shafi ake yi, gogewa kuwa sai dai a share dami guda mai ɗauke da shafuka masu yawa. Don haka idan ka gyara harafi ɗaya a takardarka ka adana, na'urar sabon shafi take nema ta rubuta, ta yi wa tsohon alamar ya tashi aiki, sannan ta gyara littafinta: lamba kaza da kwamfuta ta sani, yanzu ta koma shafi kaza. Kwamfuta ba ta ma san an yi ƙaura ba.

Littafin nan ba ƙarami ba ne. A tsarin da aka saba, kowane kilobait 4 na bayanai yana cin layi ɗaya mai bait 4. Ka ga ke nan SSD mai terabait 1 yana bukatar kusan gigabait 1 don adireshi kaɗai. Nan asalin maganar take: in babu inda za a baje littafin gaba ɗaya, ai kowane nema sai an yi tafiya biyu, ɗaya neman adireshi, ɗaya ɗauko kaya.

To amma wa ya ce dole a baje shi gaba ɗaya? Dubi ɗan kasuwa mai katon littafin bashi. Sunaye ɗaruruwa ne a ciki, amma masu zuwa masa kullum ba su fi ashirin ba. Sai ya rubuta nasu a 'yar takarda ya sa a aljihu, babban littafin ya bar shi a durowa, ba ya buɗe shi sai baƙon fuska ya zo. Wannan dabara ce Aayush Gupta da Youngjae Kim da Bhuvan Urgaonkar na Jami'ar Jihar Pennsylvania a Amurka suka fito da ita a 2009, suka kira ta DFTL: cikakken littafi ya zauna a cikin filash, ɓangaren da ake yawan nema a riƙe shi kusa.

A 2014 kuma, fitowa ta 1.2 ta NVMe, ƙa'idar da wasu SSD ke bi wajen magana da kwamfuta, ta ba SSD damar aron ɗan wuri a RAM ɗin kwamfuta ya ajiye takardar aljihun tasa, abin da ake kira HMB. Samsung 980 da ya fito a 2021 ba shi da DRAM, yana aron har megabait 64. A yi lissafi: megabait 64 na adireshi sun isa su nuna hanyar kusan gigabait 64 na bayanai. Windows da burawuza da takardun da ɗalibi ko ma'aikaci yake buɗewa a yini, da wuya su zarce haka. Babban fayil kamar fim ma ya fi sauƙi, don adireshinsa a jere suke. Ɗauko kilobait 4 na littafin ya buɗe hanyar megabait 4 a tafiya ɗaya. Wayar da ke hannun mai gyaran kanta, ma'ajiyarta ba ta da DRAM nata na kanta, ga ta tana aiki ba dare ba rana.

Yanzu ga inda nake tare da masu gyara. Aron nan a NVMe kaɗai yake aiki. SSD mai tsohuwar mahaɗar SATA ba shi da wannan hanya, kuma tsofaffin laftof da yawa SATA kawai suke karɓa. Masu araha na wannan jinsi su ne suka ɓata wa sauran suna, wake ɗaya shi ke ɓata gari. Haka in aka sa NVMe a cikin akwatin USB, babu aro. Sony ma ta bayyana cewa PlayStation 5 ba ya ba da HMB. Uwar garke mai lalube a ko'ina cikin faifai a lokaci guda, ita kam takardar aljihu ba ta ishe ta ba, a saya mata mai DRAM. Sai dai a lura, sau tari abin da ke sa SSD nauyi cika shi maƙil ne, har ya rasa shafukan da zai yi ƙaura, sai a ɗora laifin a kan DRAM.

Roƙona ga 'yan'uwana masu gyara shi ne, kafin ku ce wa mutum "kada ka saya", ku yi masa tambaya biyu: injinka SATA yake karɓa ko NVMe? Wane aiki kake yi da shi? In ɗalibi ne mai NVMe, rubutu da bincike ne aikinsa, ku bar shi ya sayi marar DRAM na kamfani mai suna. Rarar kuɗin ya ƙara wa kwamfutarsa RAM, tunda daga can ne ma SSD ɗin zai yi aro.