Yadda Za Ka Sa Mutanen Gida Su So Gahawa

Mu a Dingaya shayi muka saba da shi. Shi ya sa in aka kawo gahawa gida, kurɓa ɗaya ake yi a ture kofi.

Espresso gahawa ce mai kauri ta Italiya. A 1884 Angelo Moriondo ya yi rajistar injinta a birnin Turin. Injin espresso na yau kan tura ruwan zafi da ƙarfi ta cikin garin gahawa na kusan daƙiƙa 30, a samu abin da bai wuce kofin shayin Buzaye ba. Marar inji kan yi makamanciyarta da butar Moka, wadda Alfonso Bialetti ya fito da ita a 1933.

Ɗaci ne ke korar mutane, kuma daɗewa a wuta na ƙara shi. Da butar ta fara gurnani, sauke ta. Fara ba su da madara mai yawa da ɗan sukari, ko ka haɗa da dabino kamar Larabawa. Sannu a hankali ka rage madarar.

Hattara: gahawa na hana barci. Kada a sha bayan la'asar, kada a ba ƙananan yara.