Buhun Agaji da Yaro Mai Ciwon Suga

Ya ku iyaye, magidanta da uwayen gida, a shekarar 2010 ruwa ya mamaye ƙananan hukumomi 55 daga cikin 77 na ƙasarmu Benin, ya shafi mutane wajen 680,000. Tun ƙarshen 2021 kuma, hare-haren ƴan bindiga a Atakora da Alibori suka raba iyalai da yawa da gidajensu. A duk lokacin da irin wannan musiba ta sauka, masu agaji kan zo da shinkafa, masara, wake da mai, Allah Ya saka musu. Sai dai an auna wannan buhu ne don cikin mai lafiya, alhali a cikin layin akwai yaron da jikinsa ba ya sarrafa abinci kamar na sauran.

Muna nufin yaro mai ciwon suga na ƙuruciya. Jikinsa ya daina yin sinadarin insulin, wanda ke shigar da suga daga jini zuwa tsoka, don haka sai an yi masa allurarsa kullum. Kafin a gano wannan magani a Toronto ta Kanada a 1921, irin waɗannan yara ba su daɗewa. Allura da abinci kuwa tafiyarsu ɗaya. In an yi allura tuwo ya makara, suga ya faɗi: gumi, karkarwa, har suma. Nan a hanzarta ba shi suga ko zuma matuƙar yana iya haɗiya. In abinci ya samu allura ta yanke, sai ƙishirwa, yawan fitsarin da kiyashi ke bi, amai da numfashi sama-sama. Sau da yawa a gidajenmu masassarar sauro ake zargi, wasu ma su ce iska ce, a tsaya ruƙiyya ita kaɗai har lokaci ya ƙure. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, malamanmu ba su taɓa cewa ta hana ba.

Ko abincin ƴan tamowa sai an lura. Plumpy'Nut, wanda ƙungiyar Likitoci Marasa Iyaka ta ceci dubban yara da shi a Maraɗi lokacin yunwar 2005, haɗin gyaɗa ne da madarar gari, mai da suga. Rahama ce ga mai tamowa, amma mai ciwon suga bai kamata ya sha shi ba sai likita ya daidaita masa allura. Akwai ma wasu jarirai ƙalilan da aka haifa ba su iya narkar da sugan madara, waɗanda wannan abinci zai cutar.

Babbar damuwar iyaye ita ce ajiyar magani inda babu firiji. A nan akwai albishir. A 2021 masu bincike na Jami'ar Janeba tare da likitocin wannan ƙungiya suka nuna cewa a yanayin zafi irin na sansanin Dagahaley a Kenya, wanda ke hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37, kwalbar insulin da aka buɗe tana riƙe ƙarfinta har mako huɗu. Mu kuma muna da dabarar da Malam Muhammad Bah Abba na Jigawa ya yaɗa, wadda ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a 2000: tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, a ajiye a inuwa. Duk macen Onklu da ta san randa ta san wannan.

Abin da muke roƙon kwamitocin masallatanmu na Jugu da Paraku, idan baƙi masu gudun hijira suka sauka, a lokacin rubuta sunaye a tambayi kowace uwa ko tana da ɗa mai shan magani kullum. Kunya kan hana su faɗi, saboda haka mata ne ya fi dacewa su tambaya. Gidan da aka samu, a ba shi rabonsa da wuri, a ƙara masa wake da ganye, a ware kuɗin mota daga asusun zakka don kai yaron asibitin Jugu ko babban asibitin Paraku kafin kwalbarsa ta ƙare. Watan azumi kuma, limami da bakinsa ya shaida wa yaron da iyayensa cewa shari'a ta ɗauke wa maras lafiya azumi, domin mun lura matasa sun fi jin wannan daga liman fiye da likita.