Ɗan taranzit: mai yi wa kaya takardun Nijar

Duk wanda ya saba zama bakin kwalta a Gidan Rumji ya san manyan motocin nan masu lulluɓin tampol da ke nufar gabas. Wasu a Maraɗi suke saukewa, wasu su zarce ta Cadawa da Agiye da Gazawa har Damagaram. A takarda, kayan da ke cikinsu Nijar aka kawo wa. Amma kowa ya san ba mutanen Tibiri ko na Gangara za su cinye shinkafar nan ba, ba kuma matansu za su ɗaura wannan tulin atamfa ba. Masu saye suna kudu, a Katsina da Kano. Mutumin da ke tsaye tsakanin abin da takarda ta ce da inda kaya za su kwana shi ne ɗan taranzit.

Ba ya da mota, ba ya da sito, sau da yawa ma bai taɓa ganin cikin kwantenar da yake wahala a kanta ba. Jarinsa jakar takardu, waya, Faransanci, da sanin jami'an duwan, wato kwastan. Jirgin ruwa ya sauke kaya a Kwatano ko Lome, an rubuta cewa wucewa za su yi zuwa Nijar, saboda haka ƙasar da aka sauke ba ta karɓi cikakken kuɗin shigowa ba. Daga nan aikinsa ya fara: takardar jirgi, rasit ɗin saye, takardar lamuni mai tabbatar da cewa kaya ba za su ɓace a hanya ba, sai sanarwar da zai shigar cikin kwamfutar duwan, tsarin da ake kira SYDONIA. Kowane irin kaya yana da lambarsa a kundin haraji, lambar kuma ita ke yanke abin da za a biya. Gwani a sana'ar shi ne wanda ya san lambobin nan kamar sunayen 'ya'yansa, ya san inda doka ta bar ƙofa, ya kuma san iyakar da in ya tsallake ta za a kama kayan a ci tara. Kuskuren lamba ɗaya kan sa mota ta yi makonni a fakin duwan, direba yana cin kuɗin guzuri, Alhaji yana kira daga Kantin Kwari yana tambaya: “Malam, takarda ta fito kuwa?”

Ofis mai lasisi sai ya ajiye kuɗin jingina kafin hukumar duwan ta amince da shi, don haka masu ofisoshin ba su da yawa. Yawancin waɗanda ake gani suna zirga-zirga da fayil a hammata ƙarƙashin sunan wani ofishin suke aiki. Yaro yana farawa da kai takarda daga tebur zuwa tebur, ya yi shekaru yana kallo, kafin wani ɗan kasuwa ya amince ya damƙa masa kwantena guda. Ana biyansu a kan kowane fayil. Amana ce ginshiƙin abin, domin miliyoyin sefa suna wucewa ta hannun mutumin da babur ɗinsa ma na bashi ne.

Sana'ar ta samo tushe ne daga rikicin maƙwabta. A zamanin Turawa arzikin Maraɗi gyaɗa ce, kamfanoni irin su CFAO da SCOA suna saye, daga baya SONARA ta gwamnati ta karɓa a 1962. Da yaƙin Biyafara ya ɓarke a 1967, hanyoyin Arewacin Nijeriya zuwa teku suka rikice, 'yan kasuwar Kano da Katsina suka juyo ga abokan hulɗarsu na Maraɗi. Farin 1973 da 1974 ya karya gyaɗa, a daidai lokacin da kuɗin man fetur suka cika Nijeriya kuma gwamnatinta ta shiga hana shigo da kaya don kare masana'antunta. Alhazan Maraɗi suka ga gurbi. Su yi odar taba sigari da yadi da sunansu, a kawo musu ta Kwatano, Faraku da Gaya, su biya Nijar harajinta, su miƙa wa abokan Nijeriya, 'yan fito su ƙetara da kayan ta Ɗan Isa da Jibiya ko ta hanyoyin daji. Emmanuel Grégoire ya bi diddigin wannan a littafinsa Les Alhazai de Maradi na 1986. A gefen Nijar komai halal ne, har da haraji na musamman a kan kayan da za a sake fitarwa, wanda ya daɗe yana cika baitulmali. Sai an taka ƙasar Nijeriya abin ya koma fasa-ƙwauri. Ɗan taranzit kan ce aikinsa ya ƙare a inda hatimin duwan ya ƙare, abin da ya biyo baya tsakanin ɗan fito ne da kwastan.

Wanda ya ji labarin kamfanonin Amurka masu kwashe hedikwatarsu zuwa ƙetare zai gane dabarar nan take. A 2015 Medtronic, mai ƙera kayan asibiti, ya sayi Covidien ya mayar da adireshinsa Ayalan, inda a lokacin harajin kamfani yake kashi 12.5 cikin ɗari, alhali na Amurka kashi 35 ne. Manyan ma'aikatansa suka ci gaba da zama a Minesota. Pfizer ya so yin haka da Allergan a cinikin dala biliyan 160, gwamnatin Obama ta sauya ƙa'ida a Afrilun 2016, cinikin ya watse cikin kwanaki. A can lauyoyi da akantoci ke wannan aiki, a nan ɗan taranzit. Kasuwa tana wuri guda, takarda tana wani wurin, ƙaramar ƙasa kuma ta gwammace ta karɓi kaɗan daga dukiyar da ba don wannan ba ko ƙurarta ba za ta gani ba. Ban ga dalilin da zai sa a kira na Ayalan gwanin tsara haraji a kira na Maraɗi ɓarawo ba. Amma ban yarda da masu cewa ba wanda ya cutu ba. Masaƙar KTL ta Kaduna ta rufe a 2002, UNTL ta bi ta a 2007, kuma ko da yake rashin lantarki da tsadar man injin suna da nasu laifin, atamfar Sin da ta riƙa kwararowa ta wannan hanya ta taimaka wajen binne su. Dubban ma'aikatan da suka rasa abinci Hausawa ne da maƙwabtansu, dangin masu cika takardun.

Abin da ya fi damuna shi ne rabon garuruwan bakin hanya. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Gidan Rumji da Agiye suna samun ramukan kwalta, haɗarin mota, da ɗan abin da mai faci, mai shayi da mai tuwo suka tsinta. Ofisoshin suna Maraɗi da Yamai, ribar tana Kano da Dubai. Manomin aya na Agiye kuwa, wanda buhunansa su ma Nijeriya suke nufa, ba shi da wani adireshi sai gonarsa. Ranar kasuwar Cadawa ko Gazawa mai karɓar kuɗin tikiti yana tsaye a kansa, lampo kuma yana jiransa wurin maigari.

Raunin sana'ar ɗaya ne, kuma babba: ana yanke mata hukunci a inda ba ta da bakin magana. Buhari ya rufe iyaka a Afrilun 1984, ba a buɗe ba sai 1986. Da British American Tobacco ya buɗe masana'anta a Ibadan a 2003, cinikin sigari ta wannan hanya ya ja baya. Da Nijeriya ta ɗaga kuɗin shigo da shinkafa zuwa kashi 110 cikin ɗari a 2013, fayiloli suka yi wa 'yan taranzit yawa. Aka hana shigo da shinkafa ta kan tudu a 2016, motoci a farkon 2017, sannan aka sake rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka sa wa Nijar takunkumi, gadar Malanbil da Gaya ta tsaya, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso da rakiyar sojoji, tafiyar kwanaki ta zama ta makonni. Faɗuwar naira ta ƙara dagula lissafi, domin mai saye da naira yake biya, ɗan taranzit kuma da sefa yake sallamar duwan.

Yanzu ido yana kan layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021 aka ba kamfanin Mota-Engil aikinsa, zai bi ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya. Manufar Abuja ita ce kayan Nijar su riƙa sauka a tashoshin Legas maimakon Kwatano da Lome. In hakan ta tabbata, kwantena za ta riƙa fitowa daga kudu da tambarin “wucewa zuwa Nijar”, ta ratsa Kano, kasuwar da tun farko ita ake nufi, ta isa Maraɗi. Kwastan na Nijeriya za su so ganin shaidar cewa ta iso kuma ba ta juya ba, wanda zai haɗa wannan shaidar kuwa ɗan taranzit ne, sai dai wannan karon fayil ɗin zai buƙaci Turanci.