Farar Fitilar da ta Tona Asirin Giya

Motar kawuna ta fara wannan hali ne a wani lungu da ke bayan Babban Dodo, cikin birnin Zazzau, ana gab da kiran Magariba. Tsohuwar 'yar Kwatano ce mai giya atomatik, ta haura shekara ashirin da ƙerawa, amma injinta lafiya lau. Ya tsaya a ƙofar gida, ya tura sandar giya har harafin P kamar kullum, ya ɗaga ƙafa daga birki, sai mota ta soma ja da baya. Ya sake take birki, ya kashe inji, ya zare makulli. Yana sakin birki ta ci gaba da gangarawa a hankali, ta nufi kwatar da ta ratsa lungun. Yaran unguwa ne suka ruga suka cusa duwatsu ƙarƙashin tayoyi.

Abin ya ɗaure wa Kawu kai, domin shi da Fijo 504 ya koyi tuƙi, irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975. Ita Fijo in ka kashe ta a cikin giya, inji ne ke riƙe ta. Atomatik kuwa mai ne ke isar da ƙarfin inji zuwa tayoyi, kuma da zarar inji ya mutu famfon man ya tsaya, to R da N da D duk ɗaya ne, mota a sake take. P kaɗai ke kulle ta. Ga sanda a kan P, ga makulli a aljihu, me ya hana ta tsayawa?

Da safe abin ya ƙara rikicewa: aka murɗa makulli, shiru, ko tari ba ta yi ba. Maƙwabci ya ce batir ne. Amma fitilu na haske tar, ham na ƙara da ƙarfinsa. Mai wayarin da aka kira ya duba fiyus da ɗan makunnin da ke bayan fedar birki, ya same su lafiya. Dama ko sun lalace ba su da hannu a nan, don aikinsu hana sanda fita daga P sai an taka birki. Ba ruwansu da shiga.

Sai wani bakanike ya zo, ya zauna a mazaunin direba, ya kaɗa sandar gaba da baya, ya yanke hukunci: haƙorin fakin ya karye a cikin giyabos, sai an sauke an buɗe, ko ma a sayo na Beljiyom a ɗora. Maganarsa ba daga sama ta faɗo ba. A cikin kowane giyabos na atomatik akwai wani guntun ƙarfe, bai wuce tsawon yatsa da yawa ba, wanda ke faɗawa tsakanin haƙoran wani faifai da ke juyawa tare da tayoyi, kamar yadda sakata ke shiga raminta a ƙyaure. Yana iya karyewa in direba na jefa mota a P tana cikin tafiya. Abin da ya sosa min rai shi ne ko bonet bai buɗe ba, ga shi yana maganar kuɗin da dattijo mai cin fansho sai ya sayar da wani abu kafin ya haɗa. Sannan lungunan cikin ganuwa ba don motar janwe aka yi su ba, kuma jan atomatik da igiya tayoyin gaba na ƙasa har Tudun Wada na iya ƙona giyabos ɗin da ake neman ceto.

Wanda ya warware matsalar wani tsohon bakanike ne da ya shigo ta Ƙofar Doka a kan babur bayan La'asar, da sifanu a cikin jakar buhu. Bai taɓa komai ba sai da ya yi tambayoyi.

"Alhaji, da ka sa ta a fakin, wane harafi ne ya kama a allon gabanka?"

"Wallahi ban duba ba. Sandar nake kallo."

Aka buɗe makulli ba tare da tayar da inji ba. Sanda na kan P, allo na nuna R. Ya ce da ni, "Zagaya baya ka gaya mini abin da ka gani." Farar fitilar ribas ce a kunne, tana haska jan bangon ƙasa na gidan da ke bayanmu. Wani yaro ya ce ai jiya ma ya gan ta kafin Alhaji ya kashe mota.

A nan hukuncin farko ya rushe. Harafin da allo ke nunawa, da fitilar ribas, da izinin tayar da inji, duk daga makunni ɗaya suke fitowa, wanda ke ɗaure a jikin giyabos, kuma abin da giyabos ke ciki yake faɗa, ba ruwansa da inda hannun direba ya ajiye sanda. Da haƙori ne ya karye, da allo ya nuna P, fitila ta mutu, inji ya tashi, motar dai ta riƙa gangarawa. Tun da allo ya ce R, giyabos bai kai P ba kwata-kwata. Rashin tashin ma ya sami bayani, don an ƙera atomatik ne kada ta tashi sai a P ko N. Tsohon ya taka birki, ya jawo sanda zuwa N, ya murɗa makulli, inji ya tashi nan take.

Saura a gano inda saƙon ke ɓacewa tsakanin hannu da giyabos. Ya zaro ma'aunin man giya, ja ne, ba ƙaurin ƙuna, ya mayar. P da ƙarfe take aiki, mai bai shafe ta ba. Ya ɓalle murfin da ke kewaye da sandar, ya tsinto ƙwallayen dabino da murfin biro, amma ba su tare hanya ba. Daga nan ya kashe inji, ya buɗe bonet, ya kwance akwatin iska, ya nuna min wani kebul mai kauri da ya fito daga cikin mota ya ƙare a kan ɗan hannun ƙarfe a saman giyabos. Ya ce Kawu ya tura sandar gaba sannu a hankali. Muna kallo kebul ya motsa, ya yi tafiyar da ta kai faɗin yatsa, hannun ƙarfen na nan bai gusa ba. Sai daga baya ya bi, ya tsaya saura ɗan taki. Tsohon ya sa babban yatsa ya tura shi, muka ji ƙas. Allo ya nuna P. Aka cire duwatsu, maza uku suka tura, mota ta yi ɗan girgiza ta kafe.

A idon kebul ɗin akwai ɗan zoben roba mai tauri, bushin, da ke riƙe shi dam a kan fil. Da ya zaro shi, ya marmashe a tafin hannunsa, rawaya-rawaya, rabi ma ya riga ya zube. Shekaru da zafin inji da na bazara ne suka cinye shi. Ba tsofaffin motocinmu kaɗai ba ne: a watan Yunin 2022 kamfanin Ford ya yi wa motoci kusan miliyan 2.9 kiranye a Amurka saboda irin wannan bushin, da zafi da laima ke lalatawa har mota ta gangara bayan direba ya fita. Can kamfani ke aiko wa mai mota takarda. Motar da ta ratso teku ta sauka Kwatano ta ƙare a Zariya ba wanda zai aiko wa komai.

Wani ya kawo shawarar a ɗaure da waya kawai. Tsohon ya ƙi, ya ce waya za ta kai mota gareji, amma ba zai bar ta haka a lungun da yara ke wasa ba. Ya aika yaronsa Sabon Gari ya sayo sabon bushin, ya sa, ya daidaita kebul har kowane harafi na sanda ya dace da na allo, ya duba ƙafafun inji ko sun saki suna jan kebul ɗin.

Yana tattara kaya ya ja birkin hannu don gwaji, sai ya ji ya taho fayau, bai kama komai ba.

"Alhaji, yaushe rabonka da jan wannan?"

"Tun da na sayi motar. An ce mai atomatik ba ta buƙatarsa."

"Tana buƙata. Ka taka birki, ka ja na hannu, sannan ka sa P, nauyin mota ya sauka a kan birki, a bar haƙorin nan ya huta. Wayar wannan ta yi tsatsa ta tsinke. Gobe da safe ka kawo ta gareji, shi ne aikin da zai ci mana wuni."