Dutse Mai Kiɗa da Ɗalibi Mai Kyamara

Yau Birnin Kudu muka nufa, mu leƙa Gwaram, kuma da ɗaliban jami'a muke magana, musamman masu karatun aikin jarida, zane da haɗa fim, waɗanda a yanzu haka suke ta kai-kawo a ofishin malami suna neman abin da za su yi furojet a kansa.

Amma bari mu fara da dutse.

A shekarar 1955 wani Bature mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihi na Jos, yana aiki a kogunan duwatsun Birnin Kudu. Zanen da ke jikin duwatsun ne ya kawo shi. Sai ya lura da wasu ƙananan ramuka masu santsi a gefen wasu faifayen dutse, irin ramin da ba ruwa ne ya yi shi ba, hannu ne. Aka ɗauki tsakuwa aka buga. Dutse ya amsa, ya yi ƙara kamar ƙararrawa. Aka matsa gefe aka sake bugawa, sai wani amo daban. Jama'a, ku tsaya ku ji wannan: dutse ne mai murya fiye da ɗaya, kamar kalangu, kuma an daɗe ana kaɗa shi har ya lotsa. Mutanen gari sun san da shi tun kaka da kakanni. Fagg shi ne dai ya rubuta, kuma bayan rubutunsa na 1956 masana suka shiga neman irin waɗannan duwatsu a sauran ƙasashen Afirka.

Zanen kuwa na shanu ne, a Dutsen Habude da Dutsen Mesa da maƙwabtansu. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne shanun ba su da tozo. Ku duba garken da ke wucewa ta ƙofar gidanku yau, kowace saniya da tozonta. Waɗannan na jikin dutse babu, wasu masu dogon ƙaho, wasu gajere irin na muturu. Wato wanda ya yi zanen ya ga wani irin garke da mu ba mu gani a nan yanzu.

To ina ruwan ɗalibi da wannan? Ruwansa da tsaki.

A shekarar 2013 gidan tarihi na British Museum da ke Landan ya shiga tsara hotunan zanen duwatsun Afirka kusan 25,000 yana ɗora su a intanet, har da na Najeriya. Madalla da aikinsu. Sai dai hoto ba ya kiɗa, kuma bayanin da Turanci yake. Ina muryar dutsen? Ina muryar tsohuwar da za ta faɗa maka abin da ake yi a gindinsa lokacin tana budurwa? Wannan aiki na ɗan gida ne, wanda ya iya durƙusawa ya gaida dattijo, ya san sai an bi ta wajen mai unguwa kafin a kunna kyamara.

Kuma kayan aikin ba su fi ƙarfin ɗalibi ba. Akwai dabarar da za ka zagaya dutse da wayarka kana ɗaukar hoto ɗaya bayan ɗaya, kowane hoto yana hawa kan rabin na baya, sannan kwamfuta ta haɗe su ta fitar da siffar dutsen, a juya shi ta kowace fuska a kan allo. Akwai manhajar DStretch, wadda aka ƙirƙira musamman don zanen dutse: launin da ya koɗe har ido ba ya gani, ita takan fito da shi fili. Mai karatun sauti kuwa, makirfo mai kyau ɗaya da asubar da babu ƙarar babur sun ishe shi ya naɗi kowane amo daban. Sharaɗi ɗaya ne, kuma ina maimaita shi, sharaɗi ɗaya: ba a taɓa zanen, ba a watsa masa ruwa don ya fito a hoto. Wurin yana ƙarƙashin kulawar hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, a nemi izininta tukuna.

Yanzu ga Jami'ar Tarayya ta Dutse tun 2011, ga ta Sule Lamido a Kafin Hausa, ga Bayero a Kano da tsangayar sadarwarta, ga ABU Zariya da sashen zane da na binciken kayan tarihi. Duk shekara ɗalibai na fita horon sanin makamar aiki da ake kira SIWES, mafi yawa su nufi birni. Wasu su dace, wasu su ƙare watanninsu a kan benci suna jiran a aike su. Ni dai ina ganin ɗan Birnin Kudu da ya yi watannin nan a gindin Dutsen Habude zai koma makaranta da abin da ya fi sa hannu a littafin halarta.

Lokaci na neman ƙure mana, ga Gwaram ban ce komai ba. A taƙaice, ɗan Gwaram yana tsakiya ne, domin ban da Birnin Kudu, maƙwabciyarsa Shira ta jihar Bauchi ma tana da nata zanen duwatsun. Ga kasuwannin mako, ga maƙera da makaɗa da tsofaffin da ke riƙe da tarihin garuruwa a ka, kuma kullum raguwa suke yi.

Malamai masu duba furojet, idan ɗalibi ya kawo muku irin wannan batu, ku karɓa, ku bar shi ya yi da Hausa in ya so. Ɗalibai kuma, wannan hutun ku caja waya ku je ku gaida dattawa. Sai mun ji daga gare ku.