Kwanson da Teku Ya Bari a Cikin Dutse

A cikin ruwan teku akwai waɗansu ƙananan halittu masu ƙwayar rai ɗaya tak, waɗanda masana ke kira dainofilajilet, suna iyo da 'yan bulalu biyu, ɗaya ta kewaye ƙugu a cikin wani tsagi, ɗaya tana jan baya. Kuma daga cikin hikimar da Allah Ya yi musu, waɗansunsu sukan gina kwanso mai tauri a cikin jikinsu, su nutse su kwanta a laka, har ranar da za su fasa su fito. Halittar takan tafi abinta. Amma kwanson, da yake ba ya ruɓewa da sauƙi, shi laka ke binnewa har ta zama dutse, ta yadda a yau ana samun waɗanda suka haura shekara miliyan 200.

Wani malamin Jamus, Ehrenberg, ya gan su a cikin ɓarɓashin dutsen ƙyastu a 1836, amma saɓani a kan masu ƙayoyi, waɗanda ba su da maraba da ƙarangiya a ido, ya daɗe fiye da ƙarni guda, wasu na cewa tsiro ne, wasu na cewa ƙwan wata dabba ne, har Evitt na Amurka ya kawo hujja a 1961 cewa kwanson dainofilajilet ne, sannan Wall da Dale suka ɗebo rayayyu daga lakar teku suka ga ƙyanƙyasarsu da idonsu.

Mai tahƙiƙi yakan farfasa dutsen, ya zuba masa asid mai cin farar ƙasa, ya bi da wani mai cin yashi, wanda haɗarinsa ba ƙarami ba ne, ya tace saura, ya shafa a gilashi ƙarƙashin madubin ƙara girma, domin galibinsu ba su kai kashi ɗaya bisa biyar na milimita ba. Daga nan sai duban sifa. Shin bangon ɗaya ne ko biyu? Akwai ƙaho? Deflandrea, alal misali, tana da ƙaho ɗaya a ka, biyu a gindi, da wani ƙunshi zagayayye a ciki. Ƙayoyin Spiniferites kansu yakan rabu uku, alhali na Oligosphaeridium bututu ne masu buɗaɗɗen baki, kowane ɗaya yana tsaye a gurbin allo guda daga allunan da suka lulluɓe halittar tana da rai.

Sai dai a nawa ra'ayin, wanda ya dogara da tsawon ƙaya kaɗai ya yi ƙiyasi a kan rarraunan asali, tun da an tabbatar cewa a waɗansu jinsuna ƙayar takan gajarta idan gishirin ruwa ya ragu. Hujja mafi ƙarfi ita ce ƙofar da halittar ta fita, domin ba fashewar haka kawai ba ce: murfin yakan ɓalle ne bisa iyakar allunan, da kusurwoyinsa daidai, a wuri ɗaya ga kowane jinsi. A Oligosphaeridium kan gaba ɗaya ke cirewa, ya bar baki mai haƙora. A Spiniferites allo ɗaya ne a baya, daf da saman tsagin ƙugu. A Deflandrea kuwa tsakanin kai da allunan saman tsagin ƙugu. Wahalar ita ce nauyin ƙasa yakan matse kwanson ya ninke, har mutum ya yi ta ɗaga madubi yana saukewa kafin ya bambance gaba da baya.

Masu haƙar mai su suka fi cin moriyar wannan fanni, saboda kowane jinsi da zamaninsa. Dinogymnium, wadda ake samu a duwatsun Nijeriya, ta ƙare kimanin shekara miliyan 66 da suka wuce, don haka ganinta a ɓarɓashin rijiya alama ce cewa haƙa ya kai wannan zamani, sai fa idan ruwa ne ya kwaso ta daga tsohon dutse ya zuba a sabo, abin da duhun launinta da lalacewar bangonta kan fallasa.