Jaririn da Bai Waiwaya Ba

Idan kwano ya faɗi a tsakar gida, jariri ɗan wata shida bai ko razana ba, to abin dubawa ne. Shawara mai tsanani bayan haihuwa, sanƙarau da ƙyanda duk suna iya kashe ji. Ƙa'idar likitocin kunne ita ce a gwada jin jariri cikin wata 1, a tabbatar da matsalar kafin wata 3, a fara taimako kafin wata 6. Wasu kan ce ai yaro ne, bakinsa zai buɗe in lokaci ya yi. Lallai yara sun bambanta, amma a shekarun farko ƙwaƙwalwa ta fi kama harshe, ko na baki ko maganar hannu. Iyaye, ku kai irin wannan jariri asibiti tun yanzu.